Sati bakwai da karon kai a fili, yaushe zan koma ƙwallo?

Auwalu Agege:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan asibiti da ke cikinmu. Yau sati bakwai da muka yi karo da wani yaro a wasanmu na ranar Lahadi. An bugo kwana, na tashi zan sa kai, shi ma ya tashi, goshinsa ya same ni a saman kunne. Ban suma ba. Na dai ga wuta, na zauna kamar minti biyu, aka fasa mini ruwan leda a ka, na tashi na ƙarasa wasan. Da dare abin ya taso: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Washegari na je asibiti aka yi hoton kai, aka ce ba jini, ba tsagewar ƙashi, in je in huta. Na huta har hutun ya gundure ni. Sati uku ina ɗaki, labule a sake. Bayan nan na koma shago ina lallaɓawa. Da na ji dama-dama, Asabar ɗin da ta wuce na fita da sassafe na yi zagayen fili huɗu da gudu, na haɗa da tsalle-tsalle. Wallahi kafin in kai gida kaina kamar ana dakan sakwara a ciki. Kwana biyu ban buɗe shago ba. In na kwanta ba sauƙi, in na motsa ya tashi, hoto kuma ya ce lafiya lau. Mene ne wannan? Kuma yaushe mutum zai koma fili?

Koci Bala:
Kai ma dai Auwalu. Tunda hoto ya ce ba komai ai magana ta ƙare. Kwanciya ce ta kashe maka jiki. Ka zo atisaye ranar Laraba ka yi gumi sosai, abin zai fita. Osimhen fa? An farfasa masa ƙashin fuska a wasan Napoli da Inter a 2021, aka yi masa aiki, ya sa takunkumi ya dawo, a 2023 ya ɗauki kofin Seriya A. Yaron Olusosun ne, nan kusa da Ojota. Kai karo ɗaya ka zama amarya? Muna da wasa da 'yan Mile 12 ƙarshen wata kuma ba ni da mai tsaron baya.

Nura Barsa:
Koci a yi adalci mana. Osimhen kusan wata biyu ya yi bai taka leda ba, gasar kofin Afirka ta Kamaru ma ba da shi aka yi ba. Kuma shi likitoci ne ke bin sa da jaka. Auwalu wa ke bin sa? Mai ruwan leda.

Alhaji Tanko Mile 12:
Allah ya sawwaƙe yaro. Jini ne ya daskare. Ka samu wanzami mai tsafta ya yi maka ƙaho a ƙeya, ka riƙa shafa man habbatus sauda, ka sha zuma da safe. Mu da muka yi dako shekara da shekaru buhu ya sha faɗo mana a ka, da wannan muka rayu. Koci kuma ka bar tsokanar yaro, 'yan Mile 12 ko da shi ko ba shi sai mun ci ku.

Anti Rabi Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Sannu Auwalu, Allah ya ƙara afuwa. Ni a sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki, kuma masu irin matsalarka suna zuwa mana, yawancinsu 'yan acaɓa da waɗanda suka yi hatsari a danfo ko keke. Bayanina ba zai maye gurbin likitan da zai duba ka ido da ido ba, amma bari in warware maka yadda abin yake.

Abin da ka kwatanta shi ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. In kai ya bugu sai ta jijjiga, aikin ƙwayoyinta ya rikice. Hoton da aka yi maka jini yake nema da karaya, ba ya ganin wannan rikicewar. Don haka Koci, hoto mai kyau yana nufin ba a buƙatar tiyata, ba wai an warke ba. Kuma ba sai an suma ba, mafi yawan masu ita ba sa suma.

Galibin mutane suna warwarewa cikin sati biyu zuwa huɗu. Wanda alamunsa suka wuce sati huɗu, kamar kai, ya shiga sahun waɗanda abin ya daɗe musu, kuma shi sai an bi shi da tsari.

Kar ka ji haushina ƙanena, amma wuri uku aka samu matsala. Ƙarasa wasan nan da ka yi. Sati ukun da ka yi a ɗaki mai duhu. Sai zagaye huɗun ranar Asabar. Na tsakiyan ba laifinka ba ne, da can haka ake cewa, a kwanta har sai komai ya ɗauke. Yanzu an bar wannan. Masana harkar sun yi babban taro a Amsterdam a 2022, matsayarsu ita ce hutun kwana ɗaya zuwa biyu ya isa, shi ma ba kwanciya kamar gawa ba, a rage waya dai a yi ƙananan hidimomin gida. Daga nan a fara tafiya a hankali.

Koci Bala:
To ai maganata ke nan Hajiya. Na ce ya motsa.

Anti Rabi Idi-Araba:
A'a Koci, ba maganarka ba ce. Kai cewa ka yi ya zo ya yi gumi cikin mutum ashirin da ƙwallo na yawo a sama. Ni cewa na yi ya yi tafiya.

Ga dalilin. Akwai tsarin jiki da ke daidaita bugun zuciya da yawan jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ba tare da mutum ya sani ba. Girgizar tana rikita shi. Shi ya sa in bugun zuciya ya kai wani mataki sai kai ya ɗauka. Kowane mai wannan ciwo yana da nasa matakin, kamar layi ne. In ka tsaya ƙasa da layin kullum, a hankali layin yana matsawa sama. In ka tsallake shi da gudu, ka sha abin da Auwalu ya sha. In ka kwanta gaba ɗaya, jiki ya yi la'asar, layin ya ƙara saukowa, ga damuwa da rashin barci su shigo.

A jami'ar Buffalo ta Amurka wasu masana, John Leddy da Barry Willer, suka fito da gwajin gano layin. Ana ɗora mutum kan injin tafiya, kowane minti ana ƙara masa tudu, ana duba bugun zuciyarsa ana tambayarsa yadda yake ji. Inda alamu suka tashi sosai a tsaya a rubuta lambar. Sai a ce ya riƙa motsa jiki a kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wannan lambar, kamar minti 20 a rana. A binciken da suka fitar a 2019 kan matasa 'yan wasa 103 da ba su daɗe da buguwa ba, masu wannan motsa jikin sun warke a kusan kwana 13, masu miƙe gaɓoɓi kawai kuma kwana 17.

Auwalu Agege:
Na gode Anti. Amma ni ina zan ga injin tafiya da mai rubuta lamba? Agogon hannu mai auna zuciya ma sayar da shi nake yi, ban taɓa ɗaurawa ba.

Nura Barsa:
Mai shago a Computer Village yana kukan rashin agogo. Ɗauki ɗaya a cikin kaya ka rubuta asara.

Anti Rabi Idi-Araba:
In da hali ka je sashen gashi na babban asibiti, LUTH ko LASUTH ko Igbobi, wanda ya fi maka kusa, ka ce a auna maka juriyar motsa jiki. Daga Agege LASUTH da ke Ikeja ta fi maka sauƙi. Kafin nan yatsu biyu sun isa. Shekarunka nawa?

Auwalu Agege:
30 cif.

Anti Rabi Idi-Araba:
To cire 30 daga 220, saura 190. Wannan ƙiyasi ne na ƙololuwar bugun zuciyarka a minti. Matakin farko kar ka wuce kashi 55 cikin 100, wato wajen 105. Ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 15. In ka samu 26, kana kan hanya. In ya kai 30 ka sassauta.

Kafin ka fita ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. A ce 3 ne. Kana tafiya ya zama 4 ko 5, ba komai, wannan ƙarin maki biyu an yarda da shi matuƙar ya sauka cikin awa ɗaya. In ya haura haka ka tsaya, gobe ka sake gwadawa ƙasa da na yau. Ka fara da minti 10 zuwa 15. In ka yi kwanaki lafiya sai ka matsa zuwa kashi 70, wato wajen 133, bugu 33 a daƙiƙa 15. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa, domin kai mai ciwo mantuwa gare shi, ranar da ka ji daɗi za ka rantse ka warke.

Ɗaga ƙarfe mai nauyi da yunƙuri da riƙe numfashi, a ajiye tukuna. Keken motsa jiki na wuri ɗaya ya fi gudu a farko saboda kai ba ya jijjiga. Keken titi kuwa a Legas ban yarda ba, faɗuwa ɗaya ta rusa komai.

Dogo Mai Kara:
Ni ba ɗan boko ba ne, ɗan dambe ne, ko in ce tsohon ɗan dambe. Na yi shekara tara ina naɗa kara, daga gida har nan Alaba Rago. Koci ka saurare ni, don ni na san bugun kai fiye da duk wanda ke zauren nan.

A dambe in aka kai ka ƙasa mu kan ce an yi kisa. Kuma abin kunya ne a kashe ka yau gobe a neme ka a rasa. Makaɗi na kiran sunanka, 'yan ɓangarenku na kallonka, dole ka fito. Akwai lokacin da aka kashe ni ranar Juma'a, na tashi ban san a wane gari nake ba. Lahadi na sake shiga. Yaron da aka haɗa ni da shi a da ko turmi ɗaya ba zai kai ba a hannuna, amma ina ganin hannunsa na tahowa na kasa kaucewa, kamar an ɗaure ni. Ya sake sauke ni. Daga wannan na yi kusan shekara hasken rana na sa ni hawaye, in yara suka yi ihu sai in ji kamar in doke su. Matata ta ce ba mijin da ta aura ba ne wannan. Mutane suka ce sammu aka yi mini, na kashe kuɗi wajen masu magani ba kaɗan ba.

Abin da ya taimake ni, ba wanda ya rubuta mini. Na koma kiwon raguna, kullum ina tafiya da su a hankali safe da yamma. Yanzu da Hajiya ta yi bayani na gane tafiyar ce. Auwalu kar ka bari a zuga ka. Masu tafi ba sa raka mutum gida.

Anti Rabi Idi-Araba:
Malam Dogo Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ya fi nawa. Ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba tana da jinkirin kaucewa, don haka bugu na biyu ya fi saurin samun mutum, kuma ya fi daɗewa bai sake shi ba. Akwai ma wani nau'i, ba kasafai yake faruwa ba kuma ya fi samun yara da matasa, inda bugu na biyu ke sa ƙwaƙwalwa ta kumbura nan take, har a rasa rai.

Nura Barsa:
Maganar rashin sanin gari ta tuna mini Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 da Ajantina. An buge shi a kai, ya ci gaba da wasa, can ya je yana tambayar alƙalin wasa wai wannan ne wasan ƙarshe? Sai daga baya aka cire shi. Yanzu ma tun 2024 dokar ƙwallo ta ba gasanni damar ƙara canji na musamman saboda bugun kai. Mu a filinmu canjin bugun kai shi ne ruwan leda biyu maimakon ɗaya.

Koci Bala:
Nura zan cire ka daga jerin 'yan wasa. Dogo na ji maganarka, kuma ta shige ni. Ni dai a raina ina ganin yaran yanzu akwai son jiki, amma ban san abin ya kai haka ba.

Auwalu Agege:
Akwai abin da na ji nauyin faɗa. Sallah tana ba ni wahala. In na yi ruku'u na ɗago, ko na taso daga sujada, sai masallacin ya juya. Ranar Juma'a sai da na dafa na kusa da ni. Kuma in na juya a kan katifa ɓangaren dama, ɗakin yana zagayawa na ɗan lokaci.

Malam Hadi:
Auwalu ba abin jin nauyi a nan. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ka tsaya inda za ka iya tsayuwa, inda sunkuyawa ke kayar da kai ka zauna ka yi nuni, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Ka samu gefen sahu kusa da bango. Addu'a da neman magani kuma ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Maman Ilham:
Wannan juyawar a kan katifa ni ma na yi ta! Keke ne ya kife da mu wajen Iyana Ipaja bara, kaina ya bugi ƙarfe. Wata uku in zan kwanta sai na rintse ido. Surukata ta ce iska ce. Ashe a cikin kunne abin yake. Wata ma'aikaciya ta kwantar da ni ta juya mini kai nan da can, zama biyu ya ɗauke. Amma ciwon kan sai da aka yi mini gashin wuya. Mu mata ma ba mai cewa mu huta, ina cikin jirin nake hawa bene da jarkar ruwa. Anti shin wannan ɗaukar ruwan yana cikin motsa jikin ko yana cikin ɓarna?

Anti Rabi Idi-Araba:
Maman Ilham jarka mai lita 25 a kan bene ga mai jiri ai tana cikin ɓarna, ga nauyi ga haɗarin faɗuwa. Shara da wanke-wanke da tafiya kasuwa su ne daidai a farko.

Auwalu ka ga amfanin faɗa. A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan duwatsu masu taimaka wa daidaiton jiki. Bugu na iya gusar da su su faɗa inda bai kamata ba, sai mutum ya riƙa jin juyawa ta ƙasa da minti ɗaya duk lokacin da ya sunkuya ko ya juya a kwance. Ana gwada shi a asibiti, kuma ana mayar da su da wani juyin kai da ake kira Epley. Kar ka kalli bidiyo ka yi wa kanka, sai an gano wane kunne ne kuma an tabbatar wuyanka lafiya. Wuyan ma a duba shi, domin ƙarfin da ya girgiza kai ya fizgi wuya, kuma ciwon kai da yawa daga nan yake tasowa. Tafiya kaɗai ba za ta gyara waɗannan biyun ba.

Wane magani kake sha?

Auwalu Agege:
Farasitamol kusan kullum, safe da dare. In ya yi tsanani akwai haɗin da wani mai kemis ke ba ni.

Anti Rabi Idi-Araba:
Innalillahi. Haɗin nan ka daina, ba ka san me ke ciki ba. Farasitamol ɗin ma, shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata yana iya zama shi ne ke kawo ciwon kan. Ka faɗa wa likita adadin da kake sha ba ragi, ya tsara maka yadda za ka sauka. Kuma kar ka sha magani don ka samu ka fita motsa jiki, zai rufe maka layin da muke nema.

Admin:
Na goge saƙon wanda ya ba da shawarar tiramol. Duk wanda ya sake, waje.

Alhaji Tanko Mile 12:
To Hajiya ƙahon fa? Kin yi shiru a kansa.

Anti Rabi Idi-Araba:
Baba ban yi shiru don raini ba. Zuma ya sha abinsa. Amma ba jini ne ya daskare a ƙeya ba, don haka ƙaho ba abin da zai zuƙo. In da jini ne a cikin kai ma, aikin likitan tiyata ne. Tunda an zo nan, kowa ya riƙe: wanda ya bugu a kai sannan ya riƙa amai a kai a kai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta karye, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, a kai shi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Tsofaffi kuma jini na iya taruwa musu a hankali, sai bayan makonni a ga sun rikice.

Alhaji Tanko Mile 12:
Na ji. Ni dai ƙaho ya yi mini amfani, amma ke ce a asibiti.

Dogo Mai Kara:
Auwalu ka fita bayan Asuba kafin gari ya tashi. Legas da rana ko mai lafiya kansa ciwo yake, ga hon na danfo ga janareto ga zafi. Ka bi layukan cikin unguwa, ka bar bakin titin Pen Cinema.

Auwalu Agege:
Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan sati uku. Na je asibiti. Kunne ne kamar yadda Anti ta yi zato, na dama, an yi mini juyin kan sau biyu, yanzu ina sujada lafiya, alhamdu lillahi. Wuya ma ana gasawa. Haɗin kemis na zubar. Tafiya na fara da minti 12, yanzu ina minti 25, bugu 32 zuwa 33 a daƙiƙa 15, ciwon ba ya wuce 2. Rana ɗaya na yi ganganci na bi danfo da gudu a Ikeja, na biya kuɗinsa da yammacin ranar. Tun daga nan jirgin ƙasa nake bi in lokacinsa ya dace, ya fi mini shiru. Abin da ya rage shi ne shago, in na daɗe ina kallon allon waya ko kasuwa ta cika da hayaniya sai kan ya yi nauyi.

Koci Bala:
Madalla. 'Yan Mile 12 sun ci mu 2 da 1, duka ta gefenka aka shigo, amma na haƙura. Ka zo Laraba, zan ba ka riga mai launi daban don kowa ya san ba a taɓa ka.

Anti Rabi Idi-Araba:
Koci an gode da rigar, amma a ajiye ta tukuna. Matakan komawa fili shida ne, kowanne aƙalla kwana ɗaya, ga wanda abin ya daɗe masa kuwa ya fi haka. Auwalu yanzu zai shiga na uku: sassarfa, sauya hanya, jan ƙwallo shi kaɗai a gefen fili, nesa da inda ake bugawa. Shiga cikin 'yan wasa ko da ba taɓawa mataki na huɗu ne, kuma sai alamun sun ɗauke gaba ɗaya, har bayan ya yi gumi, sannan likita ya sa hannu. Sa kai a ƙwallo da karo da 'yan wasa sai na biyar. Wasa na shida.

Koci Bala:
Hajiya kin fi alƙalin wasa tsanani. To ya zo ya ja ƙwallonsa a bayan raga, in ya gama ya riƙe mana usur.

Auwalu Agege:
Zan zo Koci, ƙarfe shida da rabi. Amma ba ni agogon dai in riƙe muku lokaci, usur ɗin nan har yanzu kaina ba ya son ƙararsa.